Wutsiyar Akuyar da Ta Rushe Aikina a Accra

Tun da na dawo daga Ghana mutane ba su bar ni na sha ruwa ba. In na shiga ofishin malamai, tambaya. In na fita cefane a Agege, tambaya. Yaya ƙasar take, da gaske ne ba a cika ɗauke musu wuta ba, kuma ina Anti Rifkatu da muka tafi tare? Na gaji da cewa lafiya lau alhali ba haka ba ne. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi. A Agege aka haife ni, Baba ɗan kasuwar goro ne tun yana saurayi. Lissafi na karanta, shi nake koyarwa a wata kwalejin fasaha a nan Legas. Abin da ya kai ni Ghana kuwa aikin digirina na uku ne, wanda na kwashe wajen shekara biyar ina fama da shi.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata. In ka ce mata Audu ya je biki a Ketu, ba ta san cewa Audu zai tashi gobe yana nan ba, bikin kuwa ya wuce, Ketu kuma ba ta zuwa ko'ina. Kafin a koya mata likitanci ko shari'a, sai an fara shimfiɗa mata manyan rukunan da komai na duniya ke faɗawa ciki: abu mai ɗorewa kamar mutum da dutse, abu mai faruwa ya wuce kamar biki da gobara, sai siffa, da wuri, da lokaci. Sannan a rubuta ƙa'idodin da ke ɗaure su da harshen lissafi, yadda wata ba za ta ƙaryata wata ba. Wannan harsashin nake ginawa. In aka tambayi Baba sai ya ce, "Na'ura take koya wa hankali," ya ci gaba da ɓare goronsa.

Malamin da ya ɗora ni kan aikin ya fice daga ƙasar lokacin soja, bai dawo ba. Duk sashenmu ba wanda ya fahimci abin. Daga ƙarshe jami'a ta ce ko in samo masani daga waje ya duba ya sa hannu kafin ƙarshen zango, ko a rufe fayil ɗina.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mini, Anti Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mai kula da ɗakin kwamfuta a kwalejinmu. Ni ke rubuta ƙa'idodi a takarda, ita ke mayar da su yaren na'ura. A Ketu take zaune da, har lokacin rikicin ƙabilancin nan na wajen kasuwar Mile 12. 'Yan daban da suka biyo ta ba su tambayi cocinta ba, Hausar bakinta kawai suka ji. A ɗakina ta ɓuya har ƙura ta lafa, daga baya ta kama ɗaki a Ebute Metta. Ba a yi wata nawa ba Kaduna ta kama da wuta, aka kashe ƙanenta Iliya. Shi kuma a can ba a duba Hausarsa ba, cocinsa aka duba. Tun daga nan ta rage magana, ta ƙara aiki.

Akwai wani tsohon farfesa ɗan Italiya da wannan fanni ne sana'arsa. Na nemi biza in je wurinsa aka hana ni. Sai ya aiko cewa zai zo wata jami'a kusa da Accra ya koyar na ɗan lokaci, in zan iya zuwa zai duba aikina. Baba ya ce Ankara ai gida ne, haka 'yan goro suke kiran Accra, ya haɗa ni da matar wani amininsa na goro da ya rasu. Anti ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba.

Da damina muka tashi, daga tashar Mile 2, cikin wata tsohuwar fijo. An ce soja sun koma bariki, amma hanyar Badagry ba ta samu labari ba. Shinge bayan shinge, kowane da irin kakinsa. Direba ba ya ko kashe mota, hannu kawai yake fitarwa.

A bodar Seme ruwa ya sauko, taɓo har idon sawu. Wani jami'i ya zazzage jakata ya ci karo da faya-fayan kwamfuta, waɗanda duk aikin Anti ke ciki. Ya ɗaga ɗaya, ya ja ɗan ƙarfen bakinsa, ya shafa cikin da babban yatsa.

Anti ta ce, "Oga, don Allah kar ka taɓa ciki. Aikin makaranta ne."

Ya ce wane irin aiki? Ni da rashin wayo sai na hau bayani. Ya saurara har na kai rabi, sannan ya kira abokinsa ya zo ya ji Hajiyar da za ta koya wa kwamfuta cewa mutum ba biki ba ne. Suka yi dariya har da hawaye. Duk wannan lokaci faya-fayan suna ajiye kan wata ƙatuwar lasifikar rediyonsa, ruwa na ɗiga daga kwano. Anti na kallonsu, ba ta da ikon miƙa hannu. Ta san maganaɗisun lasifika maƙiyin faifai ne. Da muka wuce ta goge su ɗaya bayan ɗaya da bakin zaninta.

Kwatano garin babura ne. 'Yan okadarsu rigar ɗorawa suke sawa, su taso gaba ɗaya kamar fari. Abin da ya ba ni mamaki mata ne, manya da su, ɗaure da goyo suna tuƙa babur, ba mai ko juyowa. Ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi, ana sayar da burodi dogo kamar sanda, mai tauri. Da rana tsaka kuma sai a rufe ofisoshi kowa ya tafi gida ya kwanta. Na ce wa Anti a Legas wanda ya kwanta da rana ko ba shi da lafiya ko ba shi da haya a kansa. Ta ɗan murmusa, karo na farko tun Seme.

Bayan mun bar garin motar ta mutu. Muka zauna a rumfar wani mai shayi ɗan Maraɗi, wanda da ya ji Hausa ya tashi ya ba mu bencinsa. Ya tambayi aikinmu, na ce koyarwa. Ya ce, "A'a, ashe malaman lakwal ne," wato makarantar boko, ya ƙara mana madara bai karɓi ko sisi ba. Wata mata a gefensa ta sayar mana da agidi da soyayyen kifi da wani yaji da ya sa ni atishawa. Kafin a tada motar la'asar ta yi, dole muka kwana a Lome, a wani ƙaramin masauki mai gado ɗaya da fanka mai kuka. Na shimfiɗa ɗankwalina na yi salla, Anti ta durƙusa a gefen gado ta yi addu'arta. Mun saba da haka tun zamanta a ɗakina.

Lome gari ne da boda ke cikinsa. Kana tafe a titi, teku na hannun hagunka, sai kawai ka ga ka iso ƙarshen ƙasa. A Aflao, bodar Ghana, aka riƙe mu saboda hatimin katin rigakafina ya jiƙe a Seme ya dame. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce sai an sake mini allura. Na miƙa hannu aka yi. Hannun ya kumbura har muka isa.

Muna dab da shiga Accra na ga wani shago a bakin hanya an jera kifi ƙato na katako, da mota, da zakara, da kwalba, duk an yi musu fenti mai kyau. Na ɗauka kayan wasan yara ne. Wani fasinja ya ce akwatunan gawa ne. Masunci a sa shi a kifi, direba a mota. Ni da na saba da likkafani da makara abin ya ba ni dariya. Na juya in nuna wa Anti, sai na ga ta kafa wa shagon ido har ya ɓace.

Ta ce, "Iliya ko akwati bai samu ba. Rami ɗaya aka zuba su."

Na riƙe hannunta da hannuna mai lafiya.

A unguwar Nima muka sauka, gidan Hajiya Azumi, matar aminin Baba. Tsohuwa ce mai jiki da murya. Tana ganina ta ɗaga hannu ta ce wa 'yan gidan, "Rabi ya zo, ɗiyan Alhaji ya zo." Hausar zango ke nan, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Su kuma suka ce tawa Hausar irin ta rediyo ce. Aka tara dangi a tsakar gida, na fara gaisuwa daga wanda ya fi kusa da ni, Hajiya ta kamo ni ta mayar da ni hannun dama. A can daga dama ake farawa a bi layi zuwa hagu, ko da yaro ne a farkon. Da Hajiya ta ji sunan Anti ta gane ba Musulma ba ce, sai ta nuna mata cocin da ke bayan gida ta ce, "Lahadi ka tafi, ba nisa."

Abincin safe shinkafa da wake ne da aka dafa har suka yi ja, a zuba taliya, da gari, da ƙwai, da wani baƙin yaji mai ɗanɗanon kifi, duk a ganye ɗaya. Na so shi. Dokunu kuwa, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, na ci don kunya ne kawai.

Ran da za mu fara zuwa jami'a na kunyata kaina. Motar hayarsu ƙaramar bas ce irin danfonmu na Legas. Tana tsayawa na yi abin da tashar Oshodi ta koya mini, na sa kafaɗa na kutsa na kama kujera biyu. Da na waiwaya sai na ga mutane a layi, tsit, suna kallona. Wani dattijo mai jarida ya leƙo ta taga ya ce a hankali, "Najeriya?" Na sauko na koma ƙarshen layi.

Farfesa ɗan ƙaramin tsoho ne, mai farin gashi da takalmin da ya sha duniya. Ɗalibansa kaɗan ne, 'yan Ghana da wasu daga Kamaru da Senegal. Ya karɓi kundina ya ce zai karanta, ya ce mu nuna masa aikin a na'ura. Anti ta sa faifai na farko, ya ƙi buɗewa. Na biyu haka. Har na ƙarshe. Ta dubi allon kwamfutar, sannan ta roƙi a ba ta aron na'urar. Yini biyu ba ta tashi ba sai don fitsari, ta sake rubuta zuciyar shirin daga kanta. Na lura Farfesa yana yawan tsayawa a bayanta, hannu a haɓa. A lokacin daɗi na ji.

Ranar tawa ta zo. Na tsaya gaban allo na bi rukunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Ya ce rabon da na yi tsakanin mai ɗorewa da mai faruwa ya yi kyau. Zuciyata ta yi sanyi. Sai ya ce in rubuta masa ƙa'idodina uku na sashe da gaba ɗaya. Na rubuta. Ta farko, kowane yanki na abu shi ma abu ne. Ta biyu, in abubuwa biyu sassansu suka zama ɗaya sak, to abu ɗaya ne. Ta uku, abu mai ɗorewa ba ya zama wani don ya rasa ɗan sashe.

Ya leƙa taga. Akwai wata akuya tana cin ciyawa a bakin ajin.

Ya ce, "Ba ta suna."

Na ce, "Kyalla."

"To. Duk jikin Kyalla ban da wutsiya, yanki ne nata. Abu ne?"

"Abu ne, bisa ƙa'ida ta farko."

"Shi ma ba shi suna."

Na ce Guntu. 'Yan ajin suka yi dariya, ni ma na yi.

"Kyalla da Guntu abu ɗaya ne?"

"A'a. Ita tana da wutsiya, shi ba shi da ita."

"Yau an yanke wutsiyar. Kyalla tana nan?"

"Tana nan, bisa ta uku."

"Guntu fa?"

"Ba abin da ya taɓa shi."

"Yanzu me ke jikin Kyalla da babu a jikin Guntu?"

Na sake duban allon. Babu. Sassansu sun zama ɗaya, don haka ƙa'idata ta biyu ta ce abu ɗaya ne. Abu ɗaya kuwa tarihinsa ɗaya. Ke nan ga abin da jiya yana da wutsiya, kuma bai taɓa yin wutsiya ba. A ilimin mantiƙi in saɓani ɗaya ya shiga gini, komai ma ana iya tabbatarwa, gaskiya da ƙarya sun zama ɗaya. Babi-babin da na ɗora a kan waɗannan layuka uku duk sun tashi a banza.

Alli ya karye a hannuna. Ba wanda ya yi dariya yanzu.

Da an ce wani sabon rami ne na faɗa, da na daure. Amma da aka watse ya zaunar da ni, ya ciro wani littafi daga jakarsa ya buɗe mini. Ga matsalar nan, da kyanwa maimakon akuya. Ya ce tun zamanin Girkawa ake juya ta, kuma duk ɗalibin da ya shiga fannin a wurinsu a watannin farko ake nuna masa ita. Akwai hanyoyin fita, kowace da abin da za ka sadaukar. Ya tambaye ni a hankali me ya sa ban karanta wane da wane ba. Na ce masa mujallar ƙarshe ta wannan fanni da ta shigo laburarenmu ta zo tun ina sakandare.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ke kaɗai, ba littafi, kika iso inda mutane da yawa suka iso tare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba zan iya sa hannu ba. Ki sake daga tushe. Shekara biyu, ko uku."

Na ce zango ɗaya aka ba ni. Ya ce ya yi baƙin ciki. Na san da gaske yake, kuma kirkinsa ya fi mini ciwo a kan da ya wulaƙanta ni.

Kwana biyu ban fita ba. Hajiya Azumi ta ɗauka allurar boda ce, ta yi ta dafa mini ganye. Rana ta uku da hantsi ina wanki a tsakar gida Anti ta zo ta tsuguna kusa da bokitin.

Ta ce, "Rabi, akwai maganar da nake so ki ji daga bakina. Farfesa ya ce suna neman mai rubuta shirin kwamfuta a wurinsu can Italiya. Ya ce in zan zo, zai aiko da takardu nan Accra."

Na ci gaba da cuɗa rigar. Na ce, "Kin ce me?"

"Na ce zan zo."

"Aikina ya rushe, ke kin samu hanya a kansa."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Na yi masa maganarki. Ya ce masu tunani sun yi musu yawa, hannu suke nema." Sannan ta ce, "Ƙanwata, ina kike so in koma? Ketu ko Kaduna? Ke kina da Agege, kina da Baba. Ni duk inda na tsaya a Najeriya, 'yar ɗaya ɓangaren ce."

Ban ba ta haƙuri ba. Hajiya ta ce ta zauna a gidanta har takardu su fito. Ran da zan taho Anti ta raka ni tasha, ta ba ni makullin ɗakinta na Ebute Metta ta ce in raba kayan. Muka yi sallama kamar waɗanda suka haɗu a mota.

Komowar ba abin faɗi. Bodoji uku, ruwa, shingaye. Ban sayi tsaraba ba sai baƙin yajin da Hajiya ta cusa mini a jaka, shi ma kwalbar ta fashe a kan kundin. Da na shiga gida Baba ya dubi fuskata bai tambaye ni komai ba, ya ce a kawo mini ruwa. Da zango ya ƙare jami'a ta rufe fayil ɗin. Farfesa ya yi alkawarin aiko littattafai, har yau ina zuwa gidan waya. Wani lokaci in na idar da salla sai in ɗauki takarda in ce bari in ga wace ƙa'ida zan yar cikin ukun, sai in tuna ko na gyara ba mai dubawa, in ajiye. Ina nan ina koya wa 'yan aji ɗaya lissafin da na koya wa na bara.

Makon jiya mai shagon waya na bakin layinmu ya aiko cewa ana nemana daga ƙasar waje, za a sake kira. Na je na zauna a benci har wayar ta yi ƙara. Anti ce, muryarta can nesa kamar daga rijiya. Na yi ta shirya abin da zan ce mata tun a hanya, na fara, "Anti, maganar da na faɗa miki a gidan Hajiya..."

Ta katse ni. "Bar wannan, layin ba ya daɗewa."

Na tambaye ta aiki, ta ce aiki lafiya. Na tambaye ta sanyi, ta ce akwai.

"Rabi, yi mini magana. Ko mece ce. Tun da na zo ban ji Hausa ba."

Na tsaya da waya a kunne, mutane na jira a bayana. Na ce mata ruwa ya cinye kwalbatin layinmu. Na ce tumatir ya yi tsada a Mile 12, matar mai wanki ta haifi tagwaye, Baba ya fara ciwon gwiwa, an sa wani yaro a ɗakin kwamfuta bai san komai ba. Ina jin numfashinta, ba ta cewa komai sai "sai kuma me?" Na ci gaba da zubo mata duk abin da ya zo bakina, ban san lokacin da layin ya yanke ba. Mai shagon ne ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malama, ai tun ɗazu ke kaɗai kike magana."